Harajin Kuɗin da Babu

Duk wanda ya taɓa sayar da gida ya san abin da mutane ke yi in sun je ofishin filaye. Rage kuɗin ciniki suke yi a takarda, don haraji ya zo musu da sauƙi. Auta kuwa da ya shiga ofishin nan ƙarawa ya yi, ya biya harajin kuɗin da ko ƙamshinsu bai ji ba, ya fito yana godiya.

Ba kuma yaro ba ne. Shekararsa hamsin da tara, furfura ta gama da gemunsa, yana da shagon gyaran keken ɗinki da jikoki huɗu. Amma tunda shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan ya bi shi har tsufa. Su biyu suka rage a duniya, shi da yayarsa, wadda yake kira Yaya. Mahaifinsu magini ne, kuma tun yana da ƙarfinsa ya gina gidaje biyu a jere, bango ɗaya ya raba su, komai nasu iri ɗaya: falo da kicin a ƙasa, ɗakunan kwana da banɗaki a sama, matakala mai hawa goma sha bakwai a tsakani. Ya ce ya yi haka ne don kada wani ya ce an fi son wani. Ya ba Yaya na dama, ya ba Auta na hagu.

Yaya ta yi shekara talatin da ɗaya tana koyar da lissafi, goma sha biyun ƙarshe tana shugabar makaranta. Mace ce da ba ta san kwana-kwana ba. In ɗinkinka bai yi kyau ba, a gaban telan za ta faɗa maka. Rabin magidantan layin sun ɗanɗani rularta suna yara, har yau in ta wuce sai sun gyara zama. Ita ta goyi Auta, ita ta koya masa ƙirga, kuma har gobe in ta kira sunansa da wata irin murya sai ya nutsu kamar ɗan makaranta.

Abin da ya faru shi ne, wani dillali mai zaƙin baki ya zauna a shagon Auta wata rana, ya rage murya ya ce masa za a karkatar da babban titi, unguwarsu za ta mutu murus, nan da wata shida ko kyauta ba mai karɓar gida a layin. Dama Auta ya daɗe yana son komawa kusa da shago. Ya je wa Yaya da maganar da zafinta.

"Wa ya ce?" in ji ta. "A ina aka rubuta? Ka jira wata uku ka gani."

Bai jira ba. Cikin kwana goma sha ɗaya ya sayar wa wani mai kemis gidan a kan miliyan goma sha takwas, ya karɓi kuɗi, ya zuba mafi yawansu a wani ɗan gida da ba a ƙarasa ba a bayan shagonsa. Ba a yi mako biyu ba sai ga ma'aikata sun zo da igiyar awo. Ashe faɗaɗa titin za a yi. Dillalin kuwa ya riga ya karɓi la'adarsa, wayarsa ma ta daina shiga.

Ran da Auta ya kwashe kayansa na ƙarshe, Yaya na zaune a barandarta tana duba jarida. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Har yau ba ka faɗa mini ba. Nawa aka saya?"

Ya buɗe baki zai ce goma sha takwas. Wallahi abin da ya yi niyyar faɗa ke nan. Sai ya ga ta ninke jaridar ta ɗora a cinya, yadda take yi in za ta yi wa mutum dogon karatu, ya hango kansa a tsaye kamar ɗan aji uku da bai yi aikin gida ba.

"Talatin," ya ce.

"Miliyan talatin? Cif?"

"Cif."

Ta cire tabarau. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, na janye maganata. Ashe wannan karon ka fi ni gani."

Tunda aka haife shi bai taɓa jin wannan magana daga bakinta ba, kuma abin kunyar shi ne ta yi masa daɗi. Daɗin bai kai ƙofa ba, don tana mayar da tabarau ta ƙara da cewa, "In an gama canjin suna ka kawo mini rasidin haraji in sa a akwati." A wurinta duk takardun gidansu suke, tun daga na haihuwa har na asibitin mahaifinsu, a cikin wani akwatin ƙarfe mai kwaɗo.

A nan ne ƙasa ta fara zame wa Auta. Ofishin filaye ba ya faɗa wa kowa kuɗin da aka sayi gida. Sirri ne tsakanin mai saye da mai sayarwa, doka ce ta ce haka, ko uwarka ce ta je tambaya haƙuri za a ba ta. Takardar ciniki mai saye ke tafiya da ita. Abin da ke saura a hannun mai sayarwa shi ne rasidin haraji, kuma ba a rubuta kuɗin gida a jikinsa, sai dai abin da aka biya. To amma harajin kashi biyar ne cikin ɗari. Malamar lissafi kafin ta ƙifta ido ta ninka shi sau ashirin.

Kwana uku yana juya abin. Ya ce zai ce rasidin ya ɓata, sai ya tuna Yaya za ta tasa shi gaba har ofis a ba shi wani. A rana ta huɗu ya je kemis, ya jira masu sayen magani suka ragu, ya sunkuya kan kanta ya faɗi buƙatarsa.

Mai kemis ya sa yatsa ya sosa kunne. "Baba, ban ji da kyau ba. Ragewa kake so a yi ko ƙarawa?"

"Ƙarawa. A rubuta talatin. Ai ni ke biyan harajin."

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Akwai dalili."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa. Shi bai ga asararsa ba, gobe in ya tashi sayarwa ma takardar ta zama ado. Haka Auta ya biya miliyan ɗaya da rabi a inda ya kamata ya biya dubu ɗari tara. Dubu ɗari shidan da ya ɗora kuɗin silin sabon gida ne. Shi ya sa har yau in rana ta take, matarsa kan ɗaga kai ta dubi kwanon rufi ta ce, "Mai miliyan talatin, yaushe za a rufa mana asiri?" Shi kuma sai ya ce ana nan ana shiri.

Yaya ta karɓi rasidi, ta yi lissafinta a ka, ta gyaɗa kai, ta rufe akwati. Auta ya ɗauka magana ta mutu ke nan. Bai san Yaya za ta yi ta yawo da ita ba. Ita da ba ta yabon kowa, sai ga ta tana ba maƙwabta labarin wayon ƙanenta. Kafin wata ya ƙare kowa a layin ya ƙara wa gidansa kuɗi a zuciya, dangin da aka manta da su suka fara zuwa shago gaisuwa. Auta ya riƙa amsa barka yana murmushin dole.

Bayan kamar shekara guda gwiwoyin Yaya suka ƙi. Likita ya ce ta rabu da hawa bene in tana son ta ci gaba da taka ƙasa. 'Yarta, ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Nas, ta samo mata wani ɗan gida marar bene a kusa da nata, aka ce sai dai a sayar da na gado a saye shi. Yaya ta yi ta ja, daga baya ta yarda.

Mai saye na farko wani likitan dabbobi ne, mutum mai kunya, ya zo da matarsa. Yaya ta aika aka kira Auta, wai shi ya san kan ciniki. Likitan ya zagaya sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa bango, ya dawo ya zauna ya ce zai ba da ashirin da huɗu.

Gaban Auta ya faɗi. Ashirin da huɗu! Shida a kan abin da shi ya samu. Ya dubi Yaya yana roƙon Allah a ransa ta ce ta sallama.

"Ɗana," in ji Yaya, "ka ga gidan nan na hagu? Tagwayen wannan ne. Talatin aka saye shi, tun ba a faɗaɗa titi ba. Ga wanda ya sayar nan zaune. In abin da ka zo da shi ke nan, ka sha ruwa ka gaida gida."

Bayan sun tafi Auta ya yi gyaran murya. "Yaya, ni da a ce kin duba. Kasuwa ba ta tsayawa wuri ɗaya."

"Sama ta yi ai, ba ƙasa ba."

"Haka ne. Sai dai naki, kin ga rufin ya ɗan…"

"Rufin me?" Ta miƙe zaune. "Hannu ɗaya ya gina su, Auta, rana ɗaya aka rufa su. Ko don naka ya yi albarka shi ne za ka raina nawa?"

Ga ƙofa nan a buɗe, kalma uku kawai ake nema: goma sha takwas. Ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri," ya sa takalmansa ya fita. Duk wanda ya ce tsoro ba ya mayar da dattijo wawa, bai ga Auta a ranar nan ba.

Wata takwas gidan na kasuwa. Masu saye su zo, su ji talatin, su yi dariya su tafi. Likitan dabbobi ya sayi wani a wata unguwa. Wata ranar Asabar da hantsi Auta ya kai wa Yaya keken ɗinkinta da ya gyara, ya tura ƙofa bai yi sallama da ƙarfi ba, sai ya gan ta a kan matakala. A zaune take, ta ba sama baya, tana dafa hannu tana jan jiki hawa ɗaya bayan ɗaya. Tana kan na shida, zufa ta jiƙa mata ɗankwali. Matar da in ta shiga aji yara sittin ke ɗauke numfashi, ga ta tana hawa banɗakinta da mazaunai.

Ta gan shi. "Me kake kallo? Ajiye keken ka juya baya."

Ya juya bayan. Ya tsaya yana kallon bango yana jin ƙarar jan jikinta har ta kai sama. Ko a nan bai faɗa ba. Ya koma shago ya zauna a gaban wani keke, ya kwance shi ya ɗaura har sau biyu, ba abin da ya same shi.

A ƙarshe Nas ta sa kuka, ta ce mai ɗan gidan can ya gaji da jira. Wani mai gidan burodi ya taya ashirin da ɗaya, ya ce ko sisi ba zai ƙara ba, kuma yana son makulli kafin ƙarshen wata. Yaya ta sallama. Da yamma ta kira Auta, ta sa ya zauna kusa da ita, abin da ba ta saba ba.

"Ka yafe mini," ta ce, ba ta dube shi ba. "Na zubar da gidan Baba. Kai ka fitar da shi kunya, ni na kasa. Da ina da rabin dabararka da ba haka ba."

Auta ya ji kamar a tsaga ƙasa ya shige. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Haba Yaya." Ya yi wa kansa alkawari a zuci cewa da an gama takardu shi ke nan, zai binne maganar har ya mutu, zai kuma riƙa yi mata hidima iya ƙarfinsa. Mai laifi ba ya rasa irin wannan alkawari.

Ran Talata da safe suka tafi ofishin filaye su uku, Yaya da Nas da shi, don shi ne shaidarta. Mai gidan burodi ya riga ya sa hannu a nasa ɓangaren. Zaure ne babba mai kujerun roba a jere, fanka biyu na juyawa, ɗaya ta tsaya. Mutane sun kai arba'in, kowa rungume da fayil kamar jariri. A gaba akwai kanta mai gilashi, da 'yar ƙofa a ƙasa ta miƙa takarda, da wasu 'yan huji a sama da ake magana ta cikinsu. Sai wajen sha ɗaya aka kira lambarsu. Nas ta jawo wa uwarta kujera har gaban gilashin.

Jami'in matashi ne mai ladabi. Ya duba takardun, ya danna kwamfuta, ya sake duba takardun. Sai ya daina murmushi.

"Mama, miliyan ashirin da ɗaya aka rubuta a nan."

"Haka aka saya."

"To, akwai 'yar matsala. Duk cinikin da ya zo mukan gwada shi da na gidaje irinsa a wurin. Muna da wani a layinku, girma ɗaya, gini ɗaya, bai kai shekara biyu ba. Ba zan iya faɗa miki wanne ne ko nawa ne ba, doka ta hana. Amma tazarar ta yi yawa."

"Sai me?"

Ya ɗan rage murya, sai dai gilashi ba ya barin a yi raɗa. "In tazara ta kai haka, mukan ɗauka an rage kuɗin ne a takarda. Hanya biyu ce. Ko ki sa hannu a wannan fom cewa kin rage, ki biya haraji a kan ƙiyasinmu, a kuma ci ki tara, a gama yau. Ko a tura fayil ɗin sashen bincike. Yakan ɗauki wata shida, wani lokaci fiye, kuma ba a canja suna sai an gama."

Nas ta dafe kai. Wata shida na nufin mai burodi ya tafi, ɗan gidan can ma ya tafi.

Yaya kuwa ba wata shidan ta ji ba. "Ni?" ta ce, da muryar da ke isa bayan aji. "Ni ce zan yi wa hukuma ƙarya? Yaro, tun ba a haife ka ba nake korar ɗalibai a kan satar amsa!"

Kawuna suka juyo.

"Ba sai ka ɓoye mini ba, na san gidan da kake nufi," ta ci gaba. "Na ƙanena ne, ga shi nan tsaye. Talatin ya sayar, na ga rasidin da idona. Shi ya yi sa'a, ni ban yi ba. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, Mama. Amma ki duba mini. In an sayi wancan a yadda kika faɗa tun titi na ƙarami, ta yaya wannan zai faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku bayan an faɗaɗa? Ke ma kin san lissafin bai hau ba."

Da wani abu ya ce da ta ci gaba da faɗa. Amma lissafi ya ambata, sai ta tsaya ta yi shi. Auta na tsaye a gefenta yana ganin yadda leɓɓanta ke motsi. Wata takwas, masu saye sun fi goma, ba wanda ya wuce ashirin da huɗu. Ɗakinsa da ba silin. Tsohon babur ɗinsa da har yau sai an tura yake tashi. A hankali ta juyo ta ɗaga kai ta dube shi.

Shi kuwa takalmansa yake kallo. Zufa na bin bayan kunnensa, hannunsa na riƙe da hularsa da bai san lokacin da ya cire ba. Bai ga fuskarta ba, amma ya ji lokacin da ta gane, don numfashinta ya canja.

Ya jira tsawa. Ya ma fi son tsawar.

"Miƙo fom ɗin," in ji Yaya. Muryarta ta sauka ƙasa. "Gaskiyarka ce. Ni na rage."

"Mama!" Nas ta riƙe mata hannu. "Me kike faɗa haka? A gabana aka yi cinikin nan! Kawu, ka yi magana mana!"

"Ki yi mini shiru. Na ce ni na rage. Ina ake sa hannu?"

Wata mata a layin baya ta ce, ba a hankali ba, "Ka ji tsohuwa, ɗazu take rantse-rantse." Wani ya yi tsaki. Jami'in ya turo fom ta ƙarƙashin gilashi tare da biro, yana kauce wa idonta. Yaya ta gyara tabarau, ta ɗauki biron. Ta sa ɗayan hannun ta danne takardar.

Auta ya ɗora tafinsa a kan fom ɗin.

"Goma sha takwas," ya ce.

"Na'am?" Jami'in ya karkato kunne. "Baba, matso kusa da hujin, ba na ji."

Dole ya sunkuya, ya kai bakinsa jikin gilashi, ya ɗaga murya yadda duk zauren zai ji. "Na ce goma sha takwas na sayar da nawa. Ba talatin ba."

"Baba, wannan sirrinka ne, ba sai ka faɗe shi a bainar jama'a ba."

"Na riga na faɗa. Ita ba ta rage ko sisi ba. Ni na ƙara."

"Ka ƙara?" Saurayin ya dubi kwamfuta, ya dube shi. "Ka biya harajin talatin alhali goma sha takwas ka karɓa? Da kanka?"

"Da kaina."

"Saboda me?"

A baya wani ya fashe da dariya, wani ya taya shi, wani dattijo ya ce a yi wa Allah a yi shiru. Jami'in ya kira abokin aikinsa, suka yi ƙus-ƙus, abokin ya leƙo ya ƙare wa Auta kallo kamar an kawo wani abin mamaki daga daji. Daga nan aka yi masa bayani. Zai kawo takardar banki da ke nuna abin da ya shiga asusunsa, zai kawo mai kemis ya sa hannu, zai kuma rubuta da hannunsa cewa ya ba da bayanin da ba gaskiya ba. Rarar da ya biya ta tafi, don wa'adin neman mayarwa ya wuce. In ya kawo komai cikin makon nan, fayil ɗin Yaya zai fita kafin ƙarshen wata.

"Gobe zan kawo," in ji Auta.

Jami'in ya janye fom ɗin ya yage shi biyu. "Mama, ki yi haƙuri."

Nas ta kama Yaya ta miƙe.

Suka ratsa zauren ana bin su da ido. A waje akwai wani benci na siminti a inuwar ginin. Nas ta zaunar da uwarta, ta ce za ta je ta kawo mota. Ba ta dubi kawunta ba, kuma hakan ya fi masa zagi ciwo. Ya tsaya a gefe da hula a hannu. Motoci na wucewa, wani mai sayar da fayil na kiran ciniki.

"Zauna," in ji Yaya. "Tsayuwarka na sa ni ciwon wuya."

Ya zauna a can ƙarshen bencin.

"Dubu ɗari shida," ta ce. "Ka ɗauki dubu ɗari shida ka ba hukuma don kada in ce maka ai na faɗa maka. Da ni ka ba rabi, da na yi shiru har abada."

"Yaya, ki yafe…"

"Ban gama ba. Likitan nan na dabbobi, mutumin kirki, na kore shi kamar ya zo sata. Wannan ma na bar shi. Amma shekarata sittin da takwas, Auta, yau na buɗe baki na yi ƙarya a gaban 'yata. Kuma wallahi da ka ƙara minti ɗaya da na sa hannu."

Hawaye ya zubo masa, bai share ba. Ya so ta ɗaga murya, ta kira shi sakarai, ta faɗi duk abin da ya cancanta, ko ya samu sauƙi. Sai ta shiga murza zoben hannunta. Da ta sake magana, muryar ba ta shugabar makaranta ba ce.

"Tun ɗazu abu ɗaya nake juyawa. Ni na goye ka. Ka zauna a ɗaki ba silin shekara biyu, ka tsaya kana kallona a kan matakalar nan, duk ka ga sun fi maka sauƙi a kan ka zo ka ce, Yaya na yi kuskure." Ta juyo ta dube shi sosai. "Faɗa mini gaskiya. Haka nake da ban tsoro?"

A'a na nan a bakinsa, a shirye, mai laushi, irin wadda ake faɗa wa tsofaffi. Ya san in ya faɗe ta za ta karɓa, su tashi lafiya. Ya haɗiye ta.

"Eh, Yaya," ya ce.

Ta gyaɗa kai sau biyu. Ta cire tabarau ta riƙe a cinya, ta kawar da fuska wajen titi, tana kallon masu wucewa har Nas ta iso da mota.